Miriam Haskell, wadda sunanta ya ci kasuwa babu ita

An haifi Miriam Haskell a 1899 a jihar Indiana ta Amurka, 'yar wasu Yahudawa 'yan kasuwa da suka yi ƙaura daga Rasha. A 1926 ta buɗe shagon kayan ado a otal ɗin McAlpin da ke New York, ta ɗauki Frank Hess ya riƙa zana mata fasali.

Kayanta ba na zinariya ba ne. Darajarsu tana ga aikin hannu: ma'aikatanta kan ɗinke ƙananan duwatsun gilashi ɗaya bayan ɗaya da siririyar waya a kan faifan ƙarfe mai huji-huji, sannan su rufe bayansa da wani faifan don kada a ga ƙulli. 'Yar fim Joan Crawford tana cikin manyan masu saye. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tsinke hanyar duwatsun Turai, sai aka koma ga katako da roba, ciniki bai tsaya ba.

Rashin lafiya ya raba ta da kamfanin a 1950, ya koma hannun ɗan'uwanta. Ta rasu a Cincinnati a 1981, bayan shekara 31 ana sayar da sarƙoƙi da sunanta, ita kuwa ba ta da ta cewa.