Badshah Khan: Mutumin da ya kafa runduna ba tare da bindiga ba

Ƙabilar Pashtun da ke zaune tsakanin Pakistan da Afganistan sun yi suna wajen bindiga da ɗaukar fansa. A al'adarsu, jinin da aka zubar yau yana iya jiran jika ya girma ya rama. A cikinsu aka haifi Abdul Gaffar Khan a 1890, a ƙauyen Utmanzai kusa da Peshawar, lokacin da Turawan Birtaniya ke mulkin Indiya. Yankin na kan iyaka ne, sojoji ko'ina, ga kuma dokar da ta ba Bature damar hukunta ƙauye sukutum saboda laifin mutum ɗaya.

Ɗan mai hali ne, mahaifinsa na da gonaki. Har ya samu gurbi a sojan Turawa, sai ya ga wani hafsan Bature yana ci wa ɗan ƙasa mutunci, ya fasa shiga. A 1910, yana ɗan shekara 20, ya buɗe makaranta a ƙauyensu. Da Turawa suka rufe ta a 1915, ya shiga zagaye. Cikin shekara uku ya leƙa ƙauyuka kusan 500, yana zama da manoma, yana sasanta gidajen da ke gaba da juna. Mutane ne suka laƙaba masa suna Badshah, wato sarki.

Nan ne ni ya fi burge ni. Ya gane cewa mutanen da ke kashe junansu kan iyakar gona ba za su iya tsayawa gaban ɗan mamaya ba, don haka ya shafe kusan shekara 20 yana gyaran gida tukuna. A 1929 ya kafa Khudai Khidmatgar, ma'ana masu yi wa Allah hidima. Runduna ce sosai, da hafsoshi da fareti da inifom, sai dai babu makami. Duk mai shiga sai ya rantse ba zai yi tashin hankali ba, ba zai rama ba, kuma zai ba jama'a awa biyu kullum. Suna shara, suna koyar da yara. Jajayen riguna suke sawa, har ake kiransu da su. Mambobi sun kai wajen 100,000, ciki har da mata. Ana yawan jingina shi da Gandhi, kuma abokai ne, amma shi hujjarsa haƙurin da Annabi (SAW) ya yi a Makka.

An gwada rantsuwar ranar 23 ga Afrilu, 1930. An kama shi, jama'a suka taru a kasuwar Qissa Khwani da ke Peshawar, sojoji suka buɗe wuta. Gwamnati ta ce mutum 20 suka mutu, 'yan kishin ƙasa suka ce ɗaruruwa ne. A ranar wasu sojojin Garhwal, 'yan Hindu, suka ƙi harbin Musulmin da ba su riƙe da makami, aka kai su kotun soja aka ɗaure su.

Bai goyi bayan raba Indiya a 1947 ba, kuma ya ɗanɗana kuɗarsa. Turawa suka tafi, gwamnatocin Pakistan suka ɗora daga inda aka tsaya: an haramta ƙungiyarsa a 1948, shi kuma daga kurkuku sai gudun hijira.

Ya rasu a Peshawar ranar 20 ga Janairu, 1988, aka kai shi Jalalabad ta Afganistan kamar yadda ya yi wasiyya. Lokacin sojojin Tarayyar Sobiyet na mamaye da ƙasar, amma aka tsagaita wuta domin jana'izarsa, dubban mutane suka tsallaka iyaka ta mashigin Khyber. Duk da haka bama-bamai suka tashi kusa da wurin, mutum 15 suka rasu.