Piri Reis: Jagoran Jiragen Ruwan da Ya Tara Taswirori Ashirin

A shekarar 1929, lokacin da gwamnatin Turkiyya take mayar da fadar Topkapi ta birnin Istanbul gidan tarihi, wani malami Bajamushe mai suna Gustav Adolf Deissmann ya ci karo da wata yagaggiyar fata a cikin tarin takardun da aka yi watsi da su. Da aka nuna wa ɗan ƙasarsu Paul Kahle, masanin harsunan Gabas, sai ya gane taswira ce da aka zana tun 1513, ga gaɓar Afirka ta Yamma a dama, ga gaɓar Barazil da tsibiran Karebiyan a hagu. Mai zanen ya sa hannu da sunansa, Piri ɗan Alhaji Muhammad. A kan wannan bawan Allah nake son mu tattauna yau, mai karatu, domin a ganina duk mai sha'awar tara tsofaffin taswirori a bayansa yake.

An haifi Piri wajen 1470, kuma galibin masana suna danganta shi da garin Galiboli, matattarar jiragen yaƙin Daular Usmaniyya, ta Turkawa nake nufi ba tamu ta Sakkwato ba. Kalmar Reis da ke maƙale da sunansa ita ce ra'is ta Larabci, wato shugaban jirgi. Tun yana saurayi ya bi baffansa Kemal Reis, wanda ya yi suna wajen tare jiragen Turawa a Bahar Rum, kuma yana cikin waɗanda suka yi jigilar Musulmi da Yahudawan Andalus zuwa Arewacin Afirka a zamanin faɗuwar Garnada. Daga baya Sarkin Musulmi Bayazid na Biyu ya jawo su cikin rundunar daula, suka gwabza da Banisiyawa daga 1499. Jirgin Kemal ya nutse da shi wajen 1511, sai Piri ya koma Galiboli ya duƙufa kan zane.

A nan ne abin da ya fi burge ni yake. A gefen taswirar Piri ya bayyana inda ya samo iliminsa ɗaya bayan ɗaya, abin da marubuta da yawa na yau, masu digiri bisa digiri, suke jin nauyin yi. Ya tara taswirori kusan 20: takwas na tsohon tsarin Batlamus, ɗaya ta Larabawa mai nuna Indiya, huɗu sababbi fil na Turawan Fotugal, da kuma ɗaya da ya ce Kolumbus ne ya zana ta yankunan yamma. Ya ambaci wani Basifaniye da ke hannun baffansa, wanda ya ce sau uku yana tafiya tare da Kolumbus. Sa'an nan ya daidaita ma'aunin waɗannan duka, domin kowace da nata awon, ya haɗe su a fata guda.

A tuna cewa a wancan zamani taswirar teku sirrin ƙasa ce. Sarkin Fotugal ya hana fitar da bayanan hanyar Indiya, don haka samun huɗu daga cikinsu a Galiboli aikin ganima ne da leƙen asiri. Ga shi kuma taswirorin da Kolumbus ya zana na waɗancan tsibirai sun salwanta, shi ya sa masana suke komawa ga ta wannan Baturke in suna son hango yadda mutumin ya ɗauki ƙasashen da ya isa. Abin da ya rage mana kusan kashi ɗaya ne cikin uku na aikin, tsawonsa bai kai mita guda ba. An yi ta yaɗa cewa taswirar ta nuna Antatika kafin ƙanƙara ta rufe ta, musamman bayan littafin Charles Hapgood na 1966. Ni dai ina tare da masu cewa gaɓar Kudancin Amurka ce aka lanƙwasa ta gabas. Mutumin da ya lissafa madogararsa da hannunsa ba ya bukatar a ƙaƙaba masa tatsuniya.

A 1517 ya miƙa taswirar ga Sarki Salim na Ɗaya a Alƙahira, bayan cin Masar. A 1521 ya kammala Kitabi Bahriyye, jagoran matuƙa a Bahar Rum, mai bayanin tashoshi da tsibirai da duwatsun ƙarƙashin ruwa da wuraren samun ruwan sha, kowane da zanensa. Waziri Ibrahim Pasha ya ga littafin a hannunsa a tafiyarsu ta Masar a 1524, ya sa ya sake shi, aka miƙa wa Sarki Sulaiman a 1526. Ya ƙara zana taswirar duniya ta biyu a 1528, ita ma guntu ne ya tsira.

Sai dai kash! A 1547, yana dab da shekara 80, aka naɗa shi kwamandan rundunar Tekun Indiya mai sansani a Suwez. Ya ƙwato Aden, a 1552 ya ci Maskat daga hannun Fotugal, ya yi wa Hurmuz ƙawanya amma ganuwar ta gagara. Ya janye zuwa Basra, ya bar mafi yawan jiragensa a can, ya fice da uku, biyu suka isa Masar. Gwamnan Basra, Kubad Pasha, wanda ba sa ga maciji da juna, ya kai ƙararsa fada. Umarni ya zo daga Sarki Sulaiman, aka fille kan tsohon a Alƙahira wajen 1553, aka kwashe dukiyarsa zuwa baitulmali.

Ba na cewa ba shi da laifi. Barin runduna a bakin daga babban abu ne a kowace soja, kuma an zarge shi da fifita ganimar da ya kwasa a tsibirin Kishim. To amma mutumin da ya yi wa sarakuna uku hidima, ya ba daula littafin da aka yi ta kwafa har ƙarni biyu bayansa, ai ko tuɓewa ta isa. Sulaiman da ake yi wa laƙabi da mai dokoki bai yi sassauci a nan ba, kamar yadda bai yi wa Ibrahim Pasha ba a 1536.

Bayan gano ta, Mustafa Kemal Ataturk ya sa aka buga kwafinta a 1935. Hotonta ya hau bayan takardar kuɗi ta lira miliyan 10 a 1999, hukumar UNESCO kuma ta shigar da ita kundin abubuwan tarihin duniya a 2017. Fatar kanta tana ɗakin karatu na Topkapi, ba kasafai ake fito da ita ba saboda haske yana cin tawadarta.