Konfushiyus: Malamin da ya mutu bai samu sarkin da zai saurare shi ba

Tsofaffin ma'aikatan masaƙar UNTL da ke Kakuri, wadda attajiran Hong Kong suka kafa a shekarun 1960, sun daɗe da sanin Sinawa a wurin aiki. Amma kaɗan ne a cikinmu suka san mutumin da tarbiyyar Sinawa ta ginu a kan koyarwarsa fiye da shekara dubu biyu, wato Konfushiyus.

Sunansa na yanka Kong Qiu. An haife shi a shekara ta 551 kafin haihuwar Annabi Isa, a masarautar Lu, kusa da garin Qufu da ke lardin Shandong a yau. Mahaifinsa soja ne, ya rasu yaron na da shekara uku, mahaifiyarsa ta raine shi cikin talauci. Da ya taso ya yi aikin kula da rumbunan hatsi, ya yi na lura da dabbobi, yana karatu a gefe.

Zamaninsa na rikici ne. Daular Zhou ta yi rauni, ƙananan masarautu na yaƙar juna, a Lu kuwa sarki na nan a suna kawai, wasu manyan gidaje uku ne ke juya ƙasar. A ganin Konfushiyus, abin da ya lalace shi ne halin shugabanni. Ya koyar da tausayin ɗan Adam, da kiyaye ladabi da al'ada, da biyayya ga iyaye, da cewa kada mutum ya yi wa wani abin da ba ya so a yi masa. Game da mulki, ya nuna gwamnati na buƙatar abinci da makamai da amincewar talakawa, in kuma tura ta kai bango a saki makamai, sannan abinci, amma kada a saki amincewa. Maganar lahira da aljanu kuwa bai cika shiga cikinta ba.

Ba ya tambayar ɗan wane ne kafin ya karɓi ɗalibi. Wanda ya kawo ɗan ƙunshin busasshen nama, kamar dai kilishinmu, ya samu wurin zama. Ana cewa ɗalibansa sun kai 3,000, kuma 72 daga cikinsu suka yi fice.

Sai da ya kai shekara hamsin ya samu muƙami mai tsoka, har ya zama ministan shari'a na Lu. Ya goyi bayan rushe ganuwoyin garuruwan gidajen nan uku don a mayar wa sarki ikonsa, aikin ya tsaya a hanya. Masanin tarihi Sima Qian ya ruwaito cewa masarautar Qi ta aiko wa sarkin Lu kyautar dawakai da mata 'yan rawa 80, aka kwana uku ba a zauna fada ba. Konfushiyus ya ajiye aiki a shekara ta 497, ya bar ƙasar.

Kusan shekara goma sha huɗu ya yi yana yawo da almajiransa daga wannan fada zuwa waccan, yana neman sarki ɗaya tak da zai gwada shawararsa. A Song an nemi ransa. Tsakanin Chen da Cai guzurinsu ya ƙare har almajirai suka kasa tashi. Sarakuna kan karɓe shi da girmamawa, su saurara, su ci gaba da abin da suka saba.

Ya koma gida a shekara ta 484 yana tsoho. Ɗansa ya rasu, almajirin da ya fi ƙauna Yan Hui ya rasu, aka kashe wani almajirin, Zilu, a rikicin sarauta a Wei. Shi ma ya rasu a 479, yana ganin bai ci nasara ba.

Almajiransa ne suka tattara maganganunsa a littafin Lunyu. Daular Han ta mayar da koyarwarsa tushen mulki, daga baya aka riƙa ɗaukar ma'aikatan gwamnati ta jarrabawa a kan littattafan mazhabarsa, har zuwa 1905. Ta zauna kafaɗa da kafaɗa da tafarkin Tao, mai kiran mutum ya bi tsarin halitta ya rage kutsawa, da addinin Buddha da ya shigo daga Indiya yana koyar da cewa kwaɗayi ne tushen wahala. Ba abin mamaki ba ne mutum ɗaya ya ɗebi wani abu daga kowanne.

Masu suka na cewa tsarinsa ya danne mata da matasa a ƙarƙashin manya, kuma maganarsu na da ƙamshin gaskiya. A 1966, lokacin juyin al'adu na Mao Zedong, matasa sun farfasa kaburburan zuriyarsa a Qufu. Yau gwamnatin jam'iyyar da ta yi wannan aika-aika ce ke buɗe cibiyoyin koyar da harshen Sinanci da sunansa a faɗin duniya, ciki har da Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka.