Ramanujan: Ya Faɗi Jarrabawa, Bai Daina Neman Malami Ba

Idan sakamako ya fito ka ga ka faɗi, kafin ka ce shi ke nan, tsaya ka ji labarin Srinivasa Ramanujan.

An haife shi a 1887 a garin Erode, kudancin Indiya, ɗan gidan talakawa ne. A 1904 ya samu tallafin karatu a kwalejin gwamnati ta Kumbakonam. Sai dai lissafi ya ɗauke masa hankali, ya yi watsi da sauran darussa. Ya faɗi, aka janye tallafin. Ya koma kwalejin Pachaiyappa a Madras, can ma jarrabawa ta kayar da shi. Ga talauci, ga babu takardar shaida.

Amma fa bai kulle kansa a ɗaki ba. Ya riƙa kai wa masana littattafan da ya cika da lissafi su duba, har ya samu aikin akawu a hukumar tashar jiragen ruwa ta Madras a 1912. Ya rubuta wa malamai a Ingila, wasu ko kallo bai ishe su ba. A Janairun 1913 wasiƙarsa ta isa hannun G. H. Hardy na Jami'ar Cambridge. Hardy ya gane baiwarsa, ya sa aka kawo shi, ya zauna yana cike masa giɓin karatunsa. Ya samu digiri a 1916, aka zaɓe shi cikin Royal Society a 1918. Ya rasu a 1920 yana da shekara 32.

Kai ma, ɗauki takardar da ka faɗi ka je wurin malamin darasin gobe. In bai saurare ka ba, nemi wani.