Gary Kildall: Malamin da ya share wa kwamfuta hanya, wani ya ci kasuwar

A shagunan buga takardu da na gyaran kwamfuta a Malanville, kamar takwarorinsu na Gaya a ƙetaren kogi, akwai gardamar da ba ta ƙarewa. Wannan ya rantse da HP, wancan ba ya taɓa komai sai Dell, ɗalibin da ya dawo hutu daga Parakou ko Kwatano kuma yana ta yabon Mac ɗin da aljihunsa bai kai ba. Amma da zarar an kunna injinan, kusan dukkansu abu guda ne ke fitowa, wato Windows. Duk wanda ya leƙa ciki zai tarar an sa wa babban ma'ajin kwamfutar harafin C, ba A ba. In kuwa ta ƙi tashi, mai gyara zai danna F2 ko F10 ya shiga wurin da ake kira BIOS.

Wannan harafi da wannan kalma duka gado ne daga aikin wani malami ɗan Amurka, Gary Kildall, wanda ya rasu shekara 30 da ɗoriya da suka wuce. Shi ne ya rubuta manhajar da ta fara haɗa kan ƙananan kwamfutoci a duniya, sannan ya rasa kasuwar a cikin shekara biyu kacal. Ɗan kasuwa zai fi kowa fahimtar labarinsa, domin a wajen ciniki aka kayar da shi.

Ɗan gidan matuƙa jirgi

An haifi Gary Kildall ranar 19 ga Mayun 1942 a Seattle, birnin gaɓar teku da ke arewa maso yammacin Amurka. Mahaifinsa Joseph kyaftin ɗin jirgin ruwa ne mai tushe daga ƙasar Norway, kuma gidansu na da makarantar koyar da tuƙin jiragen ruwa. Gary ya shiga Jami'ar Washington da niyyar zama malamin lissafi, sai kwamfuta ta ɗauke masa hankali. A can ya yi karatu har ya samu digirin digirgir a kimiyyar kwamfuta a 1972. Aikin soja da ya wajaba a kansa a zamanin yaƙin Vietnam ya yi shi ne a aji, yana koyarwa a babbar makarantar hafsoshin sojin ruwa da ke Monterey a jihar Kalifoniya.

A wancan lokacin kwamfuta abar gwamnati ce da bankuna da jami'o'i, wata kan cika ɗaki guda. Amma a 1971 kamfanin Intel ya fitar da wata 'yar ƙwaƙwalwa mai suna 4004, wadda ba ta kai girman ɗan yatsa ba. Kildall ya sayi ɗaya ya fara gwaje-gwaje, daga nan ya riƙa zuwa Intel yana yi musu aiki a ranakun da ba ya koyarwa. A 1973 ya ƙirƙiro musu PL/M, yaren rubuta manhaja na farko irinsa da aka yi domin waɗannan ƙananan ƙwaƙwalwa.

Dillali da tafinta

Matsalar da ta dame shi ita ce ajiya. Ƙwaƙwalwar na iya lissafi, amma ba ta san yadda za ta ajiye rubutu a faifan disket ta sake nemo shi ba. A 1974 ya kammala manhajar da ke yin wannan aiki, ya sa mata suna CP/M. Irinta ce ake kira uwar manhaja, wadda ke tsaye tsakanin injin da sauran manhajoji kamar dillali a kasuwa: ita ta san inda aka ajiye kowane kaya, ita ke karɓa, ita ke miƙawa. Windows da Android da macOS duk wannan aikin suke yi a yau.

Ya kai wa Intel, kamfanin bai nuna sha'awa ba. Sai shi da matarsa Dorothy suka kafa nasu kamfanin a garin Pacific Grove, suka fara sayar da CP/M ta hanyar talla a mujallun masu sha'awar kwamfuta. Da farko sun raɗa masa suna na raha, Intergalactic Digital Research, daga baya suka taƙaita shi zuwa Digital Research. Gary na rubuta manhaja, Dorothy na riƙe da ciniki.

Babbar basirarsa ta bayyana ne da masu ƙera injina suka yi yawa. Kowane kamfani da irin nasa injin, kuma a da sai an sake rubuta manhaja tun daga tushe domin kowanne. Kildall ya ware ɗan ƙaramin sashen da ke magana kai tsaye da ƙarfen injin, ya kira shi BIOS. Sashen nan kaɗai ake sauyawa, sauran manhajar na nan yadda take. Wanda ya san kasuwar Malanville ya san dabarar. Mai buhun albasa ba ya sake kaya don mai saye Bazabarme ne ko Bafulatani ko Bayarabe, tafinta kawai yake sakewa.

Da wannan dabara CP/M ta bazu a ɗaruruwan nau'o'in kwamfuta, ciki har da IMSAI 8080 da Osborne 1 da Kaypro. Manhajojin da suka yi tashe a lokacin, irin su WordStar ta buga wasiƙu da dBase ta ajiye bayanai, a kanta suke aiki. Hatta kamfanin Microsoft na Bill Gates, wanda a lokacin yarukan rubuta manhaja ne sana'arsa, ya fitar da wani kati a 1980 da ake sa wa Apple II domin ta iya ɗaukar CP/M.

Daga CP/M ne aka gaji kiran ma'ajin faifai da harafi. A da B na faifan disket biyu ne, don haka da babban ma'aji na cikin inji ya zo sai ya samu C. Disket ya ɓace, harafin bai gusa ba.

Ranar da IBM ta zo

A 1980 IBM, kamfanin da ya fi kowanne girma a harkar kwamfuta, ya yanke shawarar shiga kasuwar ƙananan injina cikin gaggawa. Wakilansa sun fara zuwa wurin Bill Gates, shi kuma ya tura su wurin Kildall, tunda shi ne mai uwar manhaja.

Ranar da suka iso Pacific Grove, Kildall ya tashi da safe a ɗan jirgin samansa tare da abokin aikinsa Tom Rolander domin kai wa wani abokin ciniki kaya. Dorothy ce ta tarbi baƙin, kamar yadda ta saba da masu neman lasisi. Kafin a fara magana suka miƙa mata takardar alƙawarin rufe sirri mai tsauri, ita kuma bisa shawarar lauyan kamfanin ta ƙi sa hannu nan take. Kildall da Rolander sun ce sun dawo a ranar kuma an zauna, jagoran wakilan IBM Jack Sams kuma ya ce shi bai gana da Kildall ba. Daga wannan rana aka ƙago labarin da ya bi shi har kabari, wai ya tafi yawon shan iska a sama ya bar arziki a ƙofar gida.

Abin da ya raba su ya fi haka nauyi. IBM na so ya biya kuɗi sau ɗaya ya sayar da kwafi iya son ransa, Digital Research kuma na son kasonsa a kan kowane kwafi. Ga shi kuma sabuwar CP/M da za ta dace da ƙwaƙwalwar da IBM ya zaɓa ba ta kammala ba.

Gates bai bari damar ta wuce ba. A Seattle akwai wani ƙaramin kamfani, Seattle Computer Products, inda wani injiniya mai suna Tim Paterson ya rubuta manhajar 86-DOS, wadda ya tsara ta yadda manhajojin CP/M za su koma kanta cikin sauƙi. Microsoft ya fara karɓar lasisinta a kan dala 25,000, sannan a watan Yulin 1981 ya saye ta baki ɗaya da ƙarin dala 50,000. Ya ba IBM ita da sunan PC DOS, amma ya riƙe 'yancin sayar wa kowa da sunan MS-DOS. Wannan sharaɗi ne tushen arzikin Microsoft.

Da Kildall ya ga manhajar sai ya ga kamannin tasa, ya yi barazanar zuwa kotu. Paterson ya tsaya a kan cewa da hannunsa ya rubuta tasa, tsarin mu'amala kawai ya bi. IBM ya kawo sulhu: Kildall ya janye maganar ƙara, su kuma su sa CP/M-86 cikin abin da mai saye zai zaɓa. Ya amince, yana ganin in an bar wa kasuwa hukunci kayansa za su yi nasara.

An ƙaddamar da IBM PC ranar 12 ga Agustan 1981. PC DOS dala 40. CP/M-86, wadda ta fito bayan wasu watanni, dala 240. Mai saye ya duba kaya biyu masu kama da juna, ɗaya ya ninka ɗaya sau shida, ya ɗauki mai araha. Masu rubuta manhajoji suka bi inda jama'a suka nufa, kamfanonin da suka riƙa kwaikwayon injin IBM kuma suka je wurin Microsoft sayen MS-DOS. A kan wannan DOS ɗin aka ɗora Windows daga 1985. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bayan faɗuwa

Kildall bai daina ƙirƙira ba. Kamfaninsa ya fitar da manhajojin da ke iya gudanar da ayyuka da yawa a lokaci guda tun kafin DOS ta iya. A 1985 ya fitar da GEM, mai tagogi da hotuna da ake dannawa da maus, wadda aka sa a kwamfutocin Atari ST. Apple ya ce ta yi kama da Macintosh da yawa, dole aka sauya fasalin wadda ake sa wa injinan PC. A shekarar ce kuma wani kamfanin nasa ya taimaka aka zuba kundin ilimi na Grolier a faifan CD. A Turai CP/M ta ƙara 'yan shekaru a injinan Amstrad, waɗanda suka samu karɓuwa sosai a Faransa da Ingila. Daga 1983 zuwa 1990 yana cikin masu gabatar da shirin talabijin na Computer Chronicles, inda yake nuna wa jama'a sababbin kaya, har da na abokan hamayyarsa.

A 1988 Digital Research ya dawo fagen da DR DOS, kishiyar MS-DOS. Daga baya aka gano cewa kwafin gwaji na Windows 3.1 na ɗauke da wani ɓoyayyen sashe da ke nuna saƙon matsala idan ya tarar da DR DOS a injin. Kamfanin Caldera, wanda ya mallaki DR DOS a 1996, ya kai Microsoft kotu kan danne kishiya, aka sasanta a farkon shekarar 2000 da biyan kuɗi masu yawa. Kildall bai ga wannan rana ba.

Ya sayar da Digital Research ga kamfanin Novell a 1991, ya samu dukiya mai yawa. Ya koma Austin a jihar Texas, yana da jiragensa da motocinsa, yana kuma aikin sa kai domin yara masu ɗauke da cutar sida. Amma aurensa da Dorothy ya mutu tun 1983, kuma labarin IBM bai bar shi ya huta ba, duk inda ya shiga shi ake tambayarsa. A 1992 jami'ar da ya yi karatu ta yi bikin cikar sashen kwamfutarta shekara 25, ta gayyace shi a matsayin ɗan kallo, ta ba Bill Gates babban jawabi, alhali Gates ba ɗalibinta ba ne. Abin ya yi masa ciwo, ya zauna ya rubuta tarihin rayuwarsa, wanda bai kai ga bugawa ba. A shekarunsa na ƙarshe ya yi fama da shan giya.

Ranar 8 ga Yulin 1994 ya samu rauni a ka a wata mashaya da ke Monterey. Bayan kwana uku, ranar 11 ga Yuli, ya rasu a asibiti yana da shekara 52. An binne shi a Seattle.

Abin da ya rage mana

Masu gardamar HP da Dell suna da hujjojinsu, domin batir da ƙarfin jiki da samun kayan gyara sun bambanta. Sai dai yawancin abin da ke ba mai kwamfuta haushi a yankinmu ba daga tambarin da ke kan murfi yake zuwa ba. Injin da aka sayo a Kano harufansa a jere suke irin na Ingilishi, wanda ya biyo ta Kwatano daga Faransa kuma A na zaune a inda Q take, don haka mai buga takarda da ya sauya shago sai ya sake koyon yatsunsa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya zo da ɓ da ɗ da ƙ a kan madannansa. Ranar 14 ga Oktoban 2025 kuma Microsoft ya kawo ƙarshen tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10, alhali Windows 11 na neman sharuɗɗan da tsofaffin injina da yawa ba su cika ba. Mafi yawan masu sayen kwamfuta a garuruwan kan iyaka na hannu suke saye, kuma su ne wannan hukunci ya fi shafa, ba tare da an tambaye su ba.

A nan ne dabarar Kildall ke da sauran amfani. Tunda inji daban, uwar manhaja daban, tsohuwar kwamfutar da Windows 11 ta ƙi ba ta mutu ba. Ana iya sa mata Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 kuma ake samu kyauta, ana iya ƙara mata tsarin madannai na Hausa ko na Faransanci. Wayoyin Tecno da Itel da ke aljihun 'yan kasuwa ma a kan tushen Linux suke aiki, ta hanyar Android.

A watan Afrilun 2014 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta kafa allon tunawa a gaban gidan da Digital Research ya yi ofis a Pacific Grove, shekara 40 bayan CP/M ta fara karanta faifai. Kaɗan ne daga masu karanta wannan shafi za su taka zuwa can. Amma harafin C na nan a kowace kwamfuta mai Windows, daga Malanville har Yamai da Kano.