SARKIN KATSINA MUHAMMADU DIKKO (1865-1944) DA DARASI GA MASU NEMAN ASALI



'Yan'uwa, matasa da yawa sun tashi haiƙan wajen neman asalinsu, kuma abu ne mai kyau, don da sanin nasaba ake sada zumunci, da shi ake raba gado. Sai dai na lura akwai inda ake yawan zamewa. Mutum zai ji an ce kakansa ya riƙe wata sarauta, ko ya zauna a wata unguwa, shi ke nan sai ya ɗinka wa kansa nasaba. Shi ya sa yau na ga ya dace mu duba rayuwar Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko, don tarihinsa kaɗai ya isa ya warware wannan ruɗanin.

An haife shi a 1865, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Bello. Mahaifinsa Gidado shi ne Durɓin Katsina, kuma gidansu na Fulani Sulluɓawa ne. A lokacin sarautar Katsina tana hannun Dallazawa, zuriyar Malam Ummarun Dallaje, wanda ya karɓo tuta a jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Dikko ya tashi a zamanin da ba a rabuwa da hare-hare tsakanin Katsina da Maraɗi, inda tsofaffin sarakunan Haɓe suka koma. Ya yi karatun allo, ya saba da doki da fagen fama, daga baya shi ma ya zama Durɓi, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki tare da Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka.

To a nan ku tsaya ku lura. Sunan Durɓi ya girmi jihadi nesa ba kusa ba. A ƙasar Mani, wadda ita ce ƙasar Durɓi, akwai Durɓi Ta Kusheyi, tuddan kaburbura da ake dangantawa da sarakunan farko na Katsina, wato Durɓawa. Wanda ya ga an rubuta Durɓi Dikko a tsohuwar takarda zai iya rantsewa jinin waɗancan ne, alhali Basulluɓe ne. Sarautar ce ta sauya gida, sunan ya tsaya yadda yake. Kun ga ke nan sarauta daban, jini daban.

A 1903, bayan Kano da Sakkwato sun faɗa hannun Turawa, Lugga ya iso Katsina ya shigo ta Ƙofar 'Yanɗaka. Sarki Abubakar ya karɓe shi ba tare da yaƙi ba. Durɓi Dikko ne ya zama mai shiga tsakanin fada da baƙin, yana kula da buƙatunsu, har suka san shi suka yarda da shi. Ba a jima ba Turawa suka tuɓe Abubakar suka naɗa Yero, shi ma suka tuɓe shi a 1906, suka ba Dikko. Mulkin Dallazawa na kusan shekara 100 ya ƙare, aka buɗe na Sulluɓawa. Masana har yau suna tattauna wannan naɗi, don ya saɓa wa al'adar gadon sarautar garin, kuma jami'in Turawa Palmer yana da hannu dumu-dumu a ciki. Wannan gaskiya ce, ba a ɓoye ta don ana son mutum.

Amma kuma abin da ya yi da mulkin shi ma gaskiya ne. A zamaninsa aka kafa baitulmali a Katsina, wanda daga baya aka kwaikwaya a sauran masarautun Arewa. A 1921 ya tafi aikin Hajji, ya zama sarki mai ci na farko a Arewacin Nijeriya a zamanin mulkin Turawa da ya sauke farali, kuma a wannan tafiyar ya biya ta Ingila ya gana da Sarki Joji na Biyar. A 1922 aka buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta yaye irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello Sardauna. Ya yarda aka buɗe makarantar 'yan mata a gidansa lokacin da mutane ke gudun abin. Ya rasu a 1944 bayan kusan shekara 38 a gadon sarauta, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi, sai jikansa Muhammadu Kabir Usman a 1981, sai Abdulmumini Kabir Usman a 2008. Malam Bello Kagara, marubucin Ganɗoki, ya rubuta littafi a kan rayuwarsa.

Yanzu me ya shafi talaka mai neman kakansa? Ya shafe shi ƙwarai, don a zamanin Dikko ne rubuta al'amuran jama'a ya zauna da gindinsa. Aka fitar da hakimai zuwa gundumomi, aka riƙa ƙidayar masu biyan haraji da jangali, alƙalai suna rubuta shari'un gado da na gonaki. Da yawa daga takardun lardi na wancan lokaci suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, wasu kuma a Arewa House. Wanda kakansa ya riƙe dagaci, ko ya yi shari'ar gona, yana iya dacewa a can.

Takardun soja kuma a yi hattara da su. Mutanenmu da suka je yaƙin duniya, har Bama, sau da yawa da sunan gari aka rubuta su, ba da sunan uba ba. Za ka ga suna ɗaya haɗe da Katsina ya maimaitu ba adadi. Idan ba ka da lambar sojan, ko wata takarda da ta rage a gida, kada ka yanke hukunci. Kaburbura kuwa, mu ba mu saba rubuta suna a kansu ba, don haka ilimin wanda ke kwance a ina yana bakin dattawa da masu kula da maƙabarta. Duk tsohon da ya rasu ba a tambaye shi ba, ya tafi da nasa.

Shawarata, ɗan'uwa, ka fara daga gida. Zauna da kakarka da gwaggonninka, ka rubuta abin da suka faɗa, sannan ka gwada shi da takarda. Inda suka dace ka riƙe, inda sarƙar ta yanke ka tsaya nan. Kada kwaɗayin babban suna ya sa ka jingina kanka ga wanda ba ubanka ba, shari'a ta yi gargaɗi mai tsanani a kan haka. Dikko kansa bai fito daga gidan da ke mulki ba, kuma yau da aikinsa ake tuna shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya yafe musu kurakuransu, Ya sa mu zama zuriya mai yi musu addu'a. Amin.