Abigail Adams: 'Yar limamin cocin da ta ga Paris

An haifi Abigail Adams ne a shekarar 1744 a garin Weymouth na yankin Massachusetts, lokacin Amurka na ƙarƙashin mulkin Ingila.

Mahaifinta limamin coci ne. Ba ta shiga makaranta ba, a gida ta yi karatu. A 1764 ta auri wani lauya mai suna John Adams.

A 1784 ta ƙetare teku ta tarar da mijinta, wanda ke wakiltar sabuwar ƙasar Amurka a Turai. Sun zauna a Auteuil, kusa da birnin Paris, na ƙasa da shekara guda.

Wasiƙun da ta riƙa aika wa 'yan uwanta sun nuna yadda tarbiyyar gidansu ta yi karo da rayuwar Faransawa.

Ranar da ta fara zuwa gidan rawa, kunya ta kama ta da ta ga 'yan mata cikin tufafi shara-shara suna tsalle a gaban maza. Amma daga bisani ta bayyana cewa sabo ya kawar da ƙyamar, har ta koma tana jin daɗin kallon.

A wata liyafa a gidan Benjamin Franklin kuwa, ranta ya ɓaci ganin yadda Madam Helvétius ta sumbaci mai gidan a bainar jama'a. Wadda ta burge ta ita ce matar Lafayette, saboda sauƙin shigarta duk da girman gidansu.

Ado ma ya zame mata nauyi. Dole jakada da iyalinsa su riƙa gyaran gashi irin na yayi, su kuma ɗinka baƙaƙen kaya duk lokacin da fada ke makoki, alhali majalisar Amurka ta rage albashin jakadunta. Ƙin yin hakan kuwa zubar da mutuncin ƙasarta ne a idon Turawa.

A 1785 suka koma London, sannan gida a 1788. Mijinta ya zama shugaban Amurka na biyu a 1797, kuma ita ce matar shugaba ta farko da ta zauna a fadar White House.

Ta rasu a 1818, shekaru bakwai kafin ɗanta John Quincy Adams ya hau kujerar shugabancin ƙasar.